Cokulan kakanmu da ludayi mai hatimi, azurfa ce ko ruwanta aka shafa?

Jikar Kuku:

Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah wanda ya san kan kayan azurfa na da ya taimake ni, don abin nan ya kusa haɗa mu faɗa a gida. Kakarmu ta rasu wata biyu da suka wuce nan cikin Birni a Damagaram, Allah ya jiƙanta, to da aka zo fito da kaya don rabon gado sai aka jawo wata akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonta wadda tun muna yara ba mai taɓa ta, can ƙasan zannuwa aka tarar da ƙunshi cikin tsumman atamfa, cokula shida manya, ludayi ɗaya mai nauyi, butar shayi, sai munduwa biyu. Duk sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Asalin kayan kakanmu kuku ne, ya daɗe yana yi wa wani kumandan girki kafin ƴancin kai na 1960, kuma labarin da muka tashi da shi wai da anasaran zai koma gida ne ya ba shi cokulan da ludayin. Kawuna dai kullum cewa yake ba shi aka yi ko biyo shi suka yi, mu ba mu nan, Allah ya rufa asiri. Butar ba ta cikin wannan, ita kaka ce ta sayo a Kano tun tana ƙuruciya, munduwa kuma na aurenta ne.

Ga abin da na iya gani da fitilar waya. Cokulan kowanne a cikin kwanonsa kusa da wuya akwai hatimi mai kusurwa huɗu da hoton sikeli irin mai kwano biyu, sai wani ƙarami da lamba 84, sai suna da ya soma gogewa, CHRIS kawai nake iya karantawa. Ludayin shi hatimi biyu gare shi ƙanana ƙwarai ba su fi ƙwayar dawa ba, ɗaya kan mutum ne da hula, ɗayan kamar karo na karta an rubuta E da P, tsakanin haruffan wani abu dogo. A jikin mariƙin kuma an zana wasu haruffa manya biyu da suka sarƙe da juna. Butar a gindinta an jera haruffa E P N S kowane cikin ɗan gidansa, da hoton kakaki. Munduwa ba komai a jikinsu.

Yayana ya ce duk tarkace ne tunda ya ga EP, cokulan ne kawai azurfa don su ke da lamba. Wani mai sayen tsofaffin kaya ya zo ya ɗaga ya jinjina ya ce zai ba da jika 40 a kan duka, kuma yadda ya ƙi ajiye ludayin nan daga hannunsa shi ya sa jikina ya ba ni akwai magana. Malamin da zai raba gadon ya ce sai an san ƙimarsu. Wa ya ƙera su, kuma wanne ne na gaske?

Ɗan Sabon Gari:

Wa alaikumus salam yaya, Allah ya jiƙan tsohuwa. Gaskiya yayanki ya yi daidai a kan EP ɗin nan, gajartar Turancin Ingila ce, ma'anarta an shafa ruwan azurfa da lantarki a kan wani ƙarfe. Ni na taɓa sayen faranti haka na ɗauka na yi tsuntuwa ashe shafe ne. Ki sa mayen ƙarfe, in ya kama ba azurfa ba ce, in bai kama ba shi ke nan. Jika 40 kam in ni ne na karɓa tun bai canza ra'ayi ba.

Tsohon Mushe:

Ɗiyata kada ki sayar, a ƙalla kada ki sayar da ludayin. Kai kuma ɗana na Sabon Gari ka faɗi gaskiya rabi, rabin da ka bari shi ne mai kuɗin. Ni ba maƙeri ba ne, malamin lakwal ne da ya ajiye alli, amma na yi shekaru a Faransa kuma ranakun Lahadi ina taya wani dattijo tsaron tebur a kasuwar tsofaffin kaya, cokula sun fi dubu da na juya a hannuna, abin da ya fara koya mini shi ne haruffa su ne na ƙarshe da ake karantawa. Da farko hatimin gwamnati, sannan siffar gidan da hatimin maƙeri yake ciki, sai a zo kan haruffa.

Kan mutum mai hula da kika gani ba namiji ba ne, mace ce, Faransawa na kiranta Minerve, hular kuma kwalkwali ne irin na ƴan lifida. Wannan ba maƙeri ke buga shi ba, ofishin gwamnati ne ke bugawa bayan ya gwada ƙarfen, kuma tun 1838 ake amfani da shi. Kala biyu ne. In gidan nata mai kusurwa takwas ne kuma akwai ƴar lamba 1 gaban goshinta, to a kowane kashi 1000 kashi 950 azurfa ce. In gidan mai ciki ne kamar ganga da lamba 2 ƙarƙashin haɓarta, 800 ce. A 1973 ne suka sauke mai lamba 1 daga 950 zuwa 925, amma naku tunda ya shigo gidanku kafin 1960 wannan bai shafe shi ba. Kafin Minerve kuwa zakara suke bugawa daga 1798, sai kan wani tsoho mai gemu daga 1819 zuwa 1838, bayan shigowar Minerve kuma ƙananan kaya irin zobe da ba su da filin ɗaukar kan mace a da akan buga musu kan aladen daji in Paris ne, ƙaguwa in lardi ne.

Sai karo ɗin nan. A dokar Faransa maƙerin da ya yi abu da azurfa ko zinariya zalla dole hatiminsa ya zama cikin wannan siffa, da harafin farkon sunansa da na danginsa da wata ƴar alama tasa shi kaɗai, don ba a rasa maƙera goma masu haruffa iri ɗaya, alamar ce ke raba su. Mai shafe kuwa ba shi da izinin karo, cikin murabba'i yake buga nasa. To E da P cikin karo, kusa da Minerve, ba shi da wata dangantaka da EP na Ingilawa ko ta ƙaƙa. Ki duba dogon abin nan na tsakiya da kyau, in ƴar wuƙar aljihu ce to Emile Puiforcat ne, gidan maƙera ne na Paris da aka kafa a 1820, suna cikin manya, har yau sunan na nan a hannun kamfanin Hermès. In ba wuƙa ba ce to wani E.P. ne daban, amma azurfar tana nan daram, suna ne kawai zai canza. Abin da ba zan iya ba ki ba shi ne shekara, don Faransawan wancan zamani ba sa buga harafin shekara kamar Ingilawa, sai dai a kintata daga irin adon mariƙin.

Akwai wata shaida da ƴan jabu ba su cika iya kwaikwayo ba. Ki juya ludayin, daidai bayan inda kan macen yake, za ki ga wani ɗan tabo kamar an taka ƙasa, in kin ƙura ido ƙwari ne ƙanana a jere. Dalili, ƙaramar uwar maƙerar da ake ɗora kayan a kai lokacin buga hatimi an zana mata ƙwari a jiki, guduma ɗaya sai ta bar shaida gaba da baya.

Cokulan kuwa ki yi haƙuri, yayanki ya juya abin ne kai ƙasa. Sikeli cikin gida mai kusurwa huɗu da CHRIS, Christofle ne ba tantama, in kin goge a hankali za ki ga C biyu gefen sikelin da ɗan ƙudan zuma tsakanin kwanukansa. Charles Christofle ya kafa gidan a 1830, a 1842 ya sayi izinin yin shafe da lantarki, da shi ya yi suna har ya cika otal-otal da jiragen ruwa da teburan ma'aikatan gwamnati, shi ya sa ba abin mamaki ba ne a tsince su a Damagaram da ta riƙe babban birnin ƙasa har 1926 kafin a koma Yamai. Lamba 84 ba kashi 84 cikin ɗari ba ne kamar yadda mutane ke zato. Giram 84 na azurfa ne aka shafa wa cokali 12 da mai yatsu 12 gaba ɗaya, ki raba ki gani, kowane ɗaya giram 3 da rabi, shi ma lokacin yana sabo. Ko an narka ba abin da zai fito. Wajen 1935 suka koma hatimin kan doki da haruffan O da C, to mai sikeli ya girmi wannan, kayan kirki ne masu kyau a ci tuwo da su shekara ɗari, amma ba kayan awo ba ne.

Manyan haruffan da suka sarƙe a mariƙi kada su ɓata miki lokaci, sunan mai kayan ne ba na maƙeri ba, wataƙila kumandan ko ma uwarsa. Mayen ƙarfe kuma ba ya kama azurfa, gaskiya ne, amma ba ya kama tagulla, ba ya kama farin haɗin da ake shafe a kansa, to me ya raba?

Maƙerin Zongo:

Mushe Allah ya ƙara sani, wallahi yau na ji kunya, shekara talatin ina maƙerar fari na gada wajen babana, kan macen nan na sha ganinsa mu dai mun san in ka gan shi ƙarfen mai kyau ne yana narkewa lumui ba ya tsagewa a guduma, amma ban taɓa sanin akwai sunan mutum a gefensa ba. Cokula nawa muka jefa a wuta muka yi zobba da awarwaro da su, Allah kaɗai ya sani. Har yanzu ina tuna wani faranti da wata tsohuwa ta kawo ina yaro ina zuga, babana ya sa almakashi ya yanka shi gida huɗu, yana da zaki a bayansa.

Hajiya maganar munduwa tawa ce. Kada rashin hatimi ya sa a ce ba azurfa ba ce, mu nan ba mu da ofishin da ke buga wa ƙira shaida, maƙeri da amanarsa ne kawai, kuma ana gane hannun mutum ne daga zanensa, yadda yake sara, yadda yake naɗe bakin munduwa. Maƙeran Buzaye su wasu sukan sa sunansu a bayan kaya da rubutun Tifinag, musamman na baya-bayan nan da ake sayar wa baƙi, amma na zamanin auren kakarki da wuya. Mutanen da kuɗi suke narkawa. Akwai dalar nan mai hoton mace mai ƙiba, Mariya Tareza, giram 28 ce kuma 833 ce azurfarta, kusan kowacce ka ɗauka 1780 aka rubuta ko da an buga ta shekara ɗari bayan haka, saboda haka wanda ya ce miki tasa ta 1780 ce don ya gani a rubuce ki yi murmushi kawai. Sai ta Faransa mai tamma biyar, giram 25, ita 900 ce. To maƙeri in mai tsoron Allah ne munduwa za ta fito kusa da haka, in kuma ya ƙara jan ƙarfe don ta yi auki sai a dutse za a gane. Muna goga gefe a baƙin dutse mu ɗiga ruwan gwaji mu ga kalar da zai ba da, ba ya cin komai a jikin munduwa.

Amma ludayin kada ki bari kowa ya sa masa zarto wai zai ga ciki, har ni. Abin da gwamnati ta riga ta gwada ta sa hannu me za ka ƙara masa. Kuma dan Allah ki hana matan gida wanke su da toka ko yashi ko soson ƙarfe, na san halinku, abu ya yi baƙi sai an ga fuska a jikinsa, to toka ce ke cinye hatimi, cokulan kuma ruwan nasu ba kauri gare shi ba. Baƙin nan ba datti ba ne, azurfa haka take in ta sha iska, ko ƙwai kika ci da ita sai ta yi. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa. In kina son ganin hatimi ki je wurin mai gyaran agogo a kasuwar Dole ki ari gilashin da yake maƙalawa a ido, ki ɗora shi a kan kyamarar waya, fitila kuma ta zo daga gefe ba daga sama ba.

Alhajin Kurmi:

Ni ɗan Damagaram ne amma zamana Kano, kayan Ingila sun fi yawa a wajenmu, bari in ɗauki butar. Ita kam ɗan Sabon Gari ya ci, EPNS shafe ne a kan haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya, ba ɗigon azurfa a cikin haɗin duk da farinsa. Jera haruffan da suka yi kowane da gidansa dabara ce, don daga nesa ya yi kama da hatimin gaske. Kakaki alamar James Dixon da ƴaƴansa ce na garin Sheffield, ki duba za ki ga J da D da S kusa. In kin ga A1 ma kada ki ruɗe, su ne suke yabon kansu.

Ta gaske ta Ingila zaki ake nema, yana tafiya ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, shi ne 925, tun 1544 suke buga shi, wato farantin da baban maƙeri ya yanka gida huɗu azurfa ce tsantsa, Allah ya jiƙan faranti. Gefen zakin akwai alamar garin da aka gwada, kan damisa Landan, ƙugiyar jirgin ruwa Birmingham duk da garin ba ya bakin teku, kambi Sheffield har zuwa 1974 sannan suka koma fure. Sai harafi ɗaya na shekara, sai haruffan maƙeri. Harafin shekaran nan shi ke kayar da mutane, don in haruffa sun ƙare sake zagayowa ake yi, kuma a da kowane gari da nasa jeri, saboda haka sai ka haɗa gari da salon rubutun da siffar gidan kafin ka ce ga shekara. In akwai ƙarin kan sarki ko sarauniya, shaidar an biya haraji ce, tsakanin 1784 da 1890. Wani abin dariya, akwai mai jinjirin wata da kambi da lamba 800, dillalai a nan sai su rantse maka daga Istanbul ya fito saboda watan, alhali na Jamus ne tun 1888.

Butar ki bar wa wanda ke son tunawa da kaka, shayi dai za ta dafa.

Malam na Garin Malam:

Allah ya gafarta wa mamaciya. Tunatarwa ce kawai tunda an ce ludayin azurfa ce zalla, hadisi ya inganta a Buhari da Muslim kan hanin ci da sha a kwanon zinariya da azurfa, maza da mata duka, saɓanin munduwa da take ado ce halal ga mace. Wanda ya faɗo a rabonsa ya tambayi malamin da ke rabon kafin ya tsoma shi a miya. In kuma sayarwa za a yi a karɓi kuɗin hannu da hannu a wurin, kada a yi bashi.

Jikar Kuku:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, Baba Mushe Allah ya ƙara lafiya. Jiya na je Dole mai agogo ya ƙi ba ni aron gilashin sai da na kai masa ludayin can, muka duba tare shi ma abin ya ba shi sha'awa har ya bar aikinsa. Gidan macen kusurwa takwas ne, lamba 1 na nan gaban goshinta ƙarama kamar ƙafar sauro, abin tsakiyar E da P kuma wuƙa ce da bakinta da ƙotarta, na juya baya ga ƙwarin nan sun fito, ni na ga kamar tururuwa shi ya ce fara ce. Mun ɗora a sikelin wani mai zinariya giram 240 cif, in lissafina daidai ne azurfar ciki 228 kenan, na tambaye shi kuɗin giram na ranar sai na gane jika 40 ko rabin ludayin kaɗai ba su kai ba, balle suna.

Sai dai kafin in dawo gwaggona ta riga ta kama cokali ɗaya da toka wai za ta ba ni mamaki, yanzu yana ƙyalli kam amma gindin kwanon ya fito rawaya-rawaya, 84 ɗin ma da ƙyar ake ganinta. Sauran biyar na ɓoye su a ɗakina. Yayana har yanzu bai sauko ba wai ta yaya EP zai zama jabu a buta ya zama na gaske a ludayi, na ce ya zo ya karanta da kansa. Mai sayen kayan ya dawo da safe ya ƙara zuwa jika 70 ba wanda ya tambaye shi, kawu ya ce masa sai an gama shawara. Baba maƙeri ran Alhamis zan kawo munduwan a goga a dutse in kana nan.

Maƙerin Zongo:

Ina nan Hajiya in Allah ya kai mu, ki zo kafin azahar don bayan nan kasuwa ke cinye ni. Ki kawo su duka biyun, sau da yawa ba hannu ɗaya ya yi su ba ko da sun yi kama. Ludayin ma ki riƙo shi, ba zan taɓa shi da komai ba, ƙwarin nan nake son gani da idona.